Saɓanin Masana a Kan Fure Ba Hujjar Mai Wa'azi Ba Ce

Akwai wata magana da ta yi wa waɗansu masu bi daɗi a baki. Sukan ce tun da masana sun kasa daidaitawa a kan lokacin da tsire-tsire masu fure suka bayyana a duniya, to, duk lissafinsu ƙarya ne. Wannan magana ba ta dace da bakin Kirista ba, gama mai faɗinta bai tsaya ya ji abin da ake gardama a kai ba.

Gero da dawa, ɗorawa da kuka, da kaɗanyar da matan Yendi da Bawku ke tsintar 'ya'yanta, dukansu masu fure ne. Tambayar ita ce, yaushe kakansu na farko ya tsiro? Shaidu biyu ne ke amsawa. Na fari dutse ne, wato burbushin tsirrai da suka daskare cikin laka. Ƙurar fure mafi tsufa da masana suka yarda da ita ta kai shekara miliyan 135 ko kusa da haka. Tsiron nan Archaefructus, wanda aka bayyana a 1998 daga Liaoning ta ƙasar Sin, yana da kimanin miliyan 125. Yadda furanni suka cika duwatsu kamar farat ɗaya ya dami Darwin kansa, har ya koka a wasiƙarsa zuwa ga Hooker a 1879.

Shaida na biyu shi ne agogon ƙwayoyin gado, dabarar da Zuckerkandl da Pauling suka kawo a 1962. Duk wanda ya san aikin malaman Salaga na dā, masu kwafar littattafai da hannu, zai gane ta. Kowane mai kwafa yakan yi ɗan kuskure, na bayansa ya gaje shi ya ƙara nasa. In aka ƙirga bambancin kwafi biyu, ana iya kintata tun yaushe suka rabu. Haka ake ƙirga bambancin DNA tsakanin tsirrai. Wani babban bincike na 2019 ya kai asalin furanni wajen shekara miliyan 209.

Tazarar ta fi shekara miliyan 70, ba kuwa masu wa'azi suka tono ta ba. Masanan ne da kansu suka buga ta, suka kuma bayyana dalilanta. Fure abu ne mai taushi, da wuya ya zama dutse, saboda haka dutse yakan makara. Agogon kuma ba ya tafiya bai ɗaya. Ciyawa irin gero tana sabon iri kowace damina, kaɗanya kuwa sai ta yi shekaru da yawa kafin ta yi 'ya'ya, don haka sauyi ya fi saurin taruwa a ciyayi bisa itatuwa. Ga shi kuma da burbushin dutse ake saita agogon tun farko. Masu rantsuwa da lambar 209 su ma sai su yi hattara. Furen Nanjinganthus da aka yi ta shela a 2018 cewa ya cike gibin, masana da yawa ba su yarda fure ba ne.

Amma dattawa biyu da ke musu ko an kafa gari shekara 300 ko 400 da suka wuce, ba wanda ya ce jiya aka kafa shi. Mai ɗaukar musunsu ya ce garin sabo ne ya ɗora musu abin da ba su faɗa ba, Dokoki Goma kuwa sun hana shaidar zur, ko da a kan mutumin da ba ya zuwa sujada.

Wani zai ce an haƙa rijiyoyi da yawa a Salaga da Yendi, ba a taɓa ganin fure cikin dutse ba. Ba za a gani ba. Duwatsun kwarin Volta da garuruwan nan ke zaune a kai sun haura shekara miliyan 500, sun girmi kowane tsiro na tudu. Na Bawku kuwa sun kai wajen miliyan 2,000. Mai neman tsohuwar ƙurar fure a Ghana sai ya gangara kudu maso yamma, yankin Tano, inda aka same ta cikin dutsen da masu neman man fetur suka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa.