Wa Ya Koya wa Yaranmu Cewa Mummuna Shi Ne Mugu?

Yau da rigima na zo, ku yi haƙuri da ni.

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin iyaye da yayye, daga Sabon Tasha har Gonin Gora: "Bar su su kalla, ai katun ne kawai." In fim ɗin manya ne, da an ga mace da namiji sun matso kusa da juna sai a yi wuf a ɗauki rimot. Amma a kunna Cartoon Network a GOtv, ko a miƙa wa yaro waya ya shiga YouTube, sai kowa ya kama harkarsa hankali kwance. Muna tace sumba, muna tace tsiraici da tsafi. Abin da ba mu tacewa shi ne darasin da katun ya fi maimaitawa: wai fuska ce take nuna zuciya, kyakkyawa nagari ne, mummuna kuwa mugu.

Ɗan wasan Kannywood ko Nollywood da fuskarsa aka haife shi. Mutumin cikin katun kuwa ba uwar da ta haife shi. Wani ne ya zauna da fensir ko kwamfuta ya yanke tsawon hancinsa da faɗin ƙugunsa da launin fatarsa. In mugu ya fito da ƙaton ciki ko tabo a fuska, da gangan aka yi, domin yaro ɗan shekara huɗu ya gane shi tun kafin ya buɗe baki. Kuma yaron yana ganewa. Matsalar ita ce ba ya barin wannan ilimin a gaban talabijin, da shi yake zuwa makaranta.

Ku dubi finafinan Disney da muka tashi da su. Snow White ta 1937, sunanta ma daga farin fatarta aka samo shi, kuma da sarauniya ta tashi kashe ta sai ta rikiɗe ta zama tsohuwa mai lanƙwasasshen hanci. A ƙasar da har yanzu ake nuna tsofaffin mata da yatsa ana ce musu mayu, wannan hoton ba wasa ba ne. A Cinderella ta 1950, 'ya'yan matar uba munana ne masu manyan ƙafafu, sai ka ce girman ƙafa zunubi ne. Ursula ta The Little Mermaid, 1989, ƙatuwa ce, kuma da ta so ƙwace yarima sai da ta zama siririyar budurwa tukuna. A The Lion King na 1994, mugun ƙanin sarki ya fi wansa duhu, yana da tabo a ido, sunansa ma Scar, wato tabo.

Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai. A garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002, akwai iyaye masu tabon wuta da na adda da muke zama benci ɗaya da su ranar Lahadi. Akwai kakanninmu masu tsage a kumatu. Me muke so jikokinsu su karanta a fuskokinsu? A Ingila masu tabo sun yi ta ƙorafi, har a 2018 hukumar finafinai ta BFI ta ce ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ya mai da tabon fuska alamar mugunta. Mu nan ko lura ba mu yi ba.

Wani zai ce ai akwai finafinan da suka gyara wannan. Ina gyaran? A Beauty and the Beast na 1991, an ce yarinya ta so dodo don halinsa, amma ladanta shi ne dodon ya koma kyakkyawan yarima. Ita kuma tun farko ba a yarda ta zama mummuna ba. A The Hunchback of Notre Dame na 1996, Quasimodo mai ƙusumbi shi ya ceci Esmeralda, jama'a suka yi masa tafi, amma soja mai kyawun fuska ne ya tafi da ita. Wato mai ƙusumbi ya cancanci tausayi da tafi, ban da ƙauna. Shrek na 2001 ya yi ƙoƙari, na yarda, sai dai fim ɗin da ke cewa kada a raina halittar kowa shi ne ya yi ta yi wa Lord Farquaad dariya saboda gajarta. Da Disney ta ga dama ta ba mu baƙar gimbiya, Tiana, a 2009, shekara 72 bayan Snow White, yawancin fim ɗin a matsayin kwaɗo ta yi shi.

Ban ce katun ne ya kawo man bilicin kasuwar Sabo ba. Son farar mace ya girmi talabijin a ƙasar nan, waƙoƙinmu da zancen aurenmu sun ishe mu shaida. Amma mai zuba wa ciyawa ruwa kullum ba zai ce ba ruwansa da ita don ba shi ya shuka ta ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alƙaluman da ke cewa mata 77 cikin 100 a Najeriya suna shafa man sauya launin fata, kuma a 2023 NAFDAC ta kira abin matsalar lafiya ta gaggawa. Wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Yarinyar da ta shekara goma tana ganin irin fuskar da yarima ke zaɓa, ba ta bukatar dogon talla daga mai shago.

Mu ma cikin zumunta hannunmu ba wanke yake ba. A wasan kwaikwayon Kirsimeti, wace yarinya ake sa wa farin zane ta zama mala'ika ko Maryamu? Wane yaro ake ba Hirudus ko Shaiɗan? Su wa ake tsayarwa a ƙofa su tarbi baƙi, su wa ake turawa layin baya in za a ɗauki hoton mawaƙa? Zabiya da wanda shan inna ya taɓa sun san amsar, ko ba su faɗa ba. Rabon matsayin da Disney ke yi, shi muke yi, alhali labaran da muke koyarwa a makarantar Lahadi ba haka suka tafi ba. Absalom ya fi kowa kyau a Isra'ila, shi ne kuma ya tayar wa ubansa. Zakka gajere ne, gidansa aka sauka.

Ba cewa nake a kashe talabijin ba. Akwai abin kallo. Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙira a Abuja, yara ne baƙaƙe masu kama da na gidanmu. Akwai Iwájú na 2024, labarin Legas. Akwai Kirikou na 1998, inda jarumin ɗan mitsitsin yaro ne, mayyar kuwa kyakkyawa, kuma muguntarta daga ƙayar da aka soka mata a baya ta fito, ba daga kamanninta ba. Ko tatsuniyarmu ta fi adalci a nan: Gizo ba kyau gare shi ba, ga tsamin baki, amma shi ne gwarzon dandali.

Abin da nake nema kaɗan ne. In ƙanenka yana kallo, zauna minti biyar, ka tsayar da fim ɗin, ka tambaye shi wane ne mugu, sa'an nan ka tambaye shi yaya aka yi ya sani. Ka saurari amsar da kyau. Ku kuma kwamitin wasan kwaikwayo, in an zo rabon matsayi bana, a rubuta sunayen yara a takarda a zuba cikin hula, wadda sunanta ya fito ita ce mala'ika, kada kowa ya ce a sake zaɓe.