A auna ruwan pompo, a gaya mana sakamako

Jama'a, faktir ɗin ruwa ba ya latti. To ina takardar awon ruwan? Wa ya taɓa ganin ta manne a ofishin magajin gari?

Maganar nitrat muke. Ba ya da launi, ba ya da wari. Daga masai, juji, kashin dabbobi da takin zamani yake tsiyaya har ya iske rijiya da foraj. OMS ta ce kar ya wuce miligiram 50 a lita. In ya wuce, jaririn da aka dama wa madara da ruwan ke fara shan wahala: jininsa ya kasa ɗaukar iska, leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasawa ba ta fidda shi, ƙara shi take. Jabel ma ba ta taɓa shi.

Masu cewa muna tada hankali su je Tibiri, su ga waɗanda fuluwor na ruwan pompo ya lanƙwasa wa ƙasusuwa tun suna yara. Wancan ruwan ma garau yake.

A auna kowane foraj, a karanta sakamakon a rediyo, da Hausa. Wanda ya wuce ƙa'ida a rufe shi.