Ƙa'idar Soket da Nauyin da Ke Kan Masana Hausa

Duk wanda ya zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai, da wuya ya fito bai ga inda aka cusa tsinke a ramin soket na sama ba, don a tura filogi mai ƙafa biyu, ko ma tsirarar waya. Abin ya zama jiki har ba a ganin aibinsa. Alhali kuwa wannan tsinke yana rushe wata ƙa'ida ce da aka kafa domin tsare rayuka.

Soket mai ramuka uku da ya fi yawa a Nijeriya gado ne daga Ingila, inda aka fito da ƙa'idarsa mai lamba BS 1363 a 1947. Kowane sashe nasa da dalilinsa. Ƙafar filogi ta sama, wato ta wayar ƙasa, ta fi sauran tsawo. Ita ke fara shiga, kana ta buɗe marufan da suka toshe ramukan wuta biyu don kada yaro ya zura ƙusa. A cikin filogin kuma akwai fis wanda bai wuce amfiya 13 ba, shi ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa, tun kafin waya ta kama. Wanda ya sa tsinke ya yar da kariyar nan duka, ya tunkari wuta mai ƙarfin bolt 230.

Amma laifin ba na jama'a kaɗai ba ne. Kasuwanni cike suke da kayan lantarki masu filogi irin na Faransa da maƙwabtanta, wanda shi Jamhuriyar Nijar ta gada, ga shi fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina ba ya yankewa. Har ila yau, hukumar ƙa'idojin kayayyaki, SON, wadda aka kafa a 1971, da Turanci take rubuta ƙa'idojinta, alhali yawancin masu gyaran wuta a ƙasar Hausa da Hausa suka koyi sana'ar a hannun iyayen gidansu.

A nan ne nauyi ya hau kan malamai da ɗaliban Hausa. Nazarin harshe bai ƙare a waƙa da tatsuniya ba. Wajibi ne Sashe ya zauna da injiniyoyi da masu gyaran wuta, a daidaita kalmomi, a fassara ƙa'idojin nan cikin Hausa mai sauƙi, a yaɗa su ta rediyo. Dokar da mai aiki da ita bai fahimta ba, ba ta hana gobara. Allah ya sa a farga.