Ragar waya a akwatin zuma: a auna kafin a kafa

Wanda ya saba sayen zuma a kasuwar Juma'a ta Wudil ya san bambancin tatacciya da wadda aka matse tare da ƙwai da tsutsa. Ta biyun takan yi duhu, ta yi saurin tsami, kuɗinta ya faɗi. Mai amya ya yi asara sau biyu ke nan: ya rasa farashi, ya kuma kashe 'ya'yan da za su tara masa zuma nan gaba.

Maganin shi ne shingen da ke tsare sarauniya a ɓangare guda na akwati. Sarauniya ta fi ma'aikata kauri, kuma a lokacin da furanni suka wadata takan saka ƙwai sama da 1,000 a rana. Idan ramin shingen ya kai kimanin milimita 4.2, ma'aikata za su wuce su ajiye zuma, ita kuwa ta tsaya inda take ƙwai. Na kamfani yana da tsada, kuma ba a kowace kasuwa ake samunsa ba, don haka wasu ke yanka ragar waya su kafa.

Dabarar tana da kyau. A Kenya an daɗe ana amfani da ragar da ake tankaɗe kofi, mai ramuka 5 a kowane inci. Inda matsala take shi ne sayen raga da ido. Ragar taga ta sauro ba ta barin ko ma'aikaciya ta wuce. Ragar kaji kuwa ko sarauniya ba ta tarewa. Ƙudan zumarmu ya fi na Turai ƙanƙanta, saboda haka ɗan ƙarin faɗi ya isa sarauniya ta sulale.

Ko ragar da ta dace tana da illa. Takan karkaɗe garin fure daga ƙafafun ma'aikata, bakinta mai kaifi ya yaga fukafukai, mazan zuma su maƙale su mutu a jikinta, tsatsa kuma ta ci ta. Don haka a zaɓi wadda ba ta tsatsa, a lanƙwashe bakinta cikin katako, a bar ƙofar shiga a ɓangaren sarauniya, a cire ta bayan an ɗebi zuma.

Mai dogon akwati mai sanduna ma yana iya haƙura da ita, domin sarauniya ta fi yin ƙwai kusa da ƙofa, zuma kuma ta taru a can baya. Mai akwati mai hawa biyu ne ya fi buƙata.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana cikin Wudil, kuma tana da tsangayar aikin gona. Ya kamata ita da malaman gona na KNARDA su gwada ragogin da ake sayarwa a Kano, su faɗa wa masu kiwo wadda ta dace, su kuma koya wa kafintoci awon. Kafin nan, duk mai zuwa sayen raga ya tafi da ma'auni a aljihu.