Kalmar "Ba Ruwana" a Bakin Magudana

Ya ku manoman rani na Goronyo da Wurno da Rabah, da shugabannin ƙungiyoyinsu.

A cikin kalmomin da Bahaushe ya saba furtawa ba tare da ya auna nauyinsu ba, babu wadda take tayar mini da hankali, idan na ji ta a bakin magudana, kamar kalmar nan ta "ba ruwana", domin kuwa mutumin da ya tsaya a kan gaɓa, ruwan da shinkafarsa za ta sha yana gudu a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ga gaɓar ta tsage, sa'an nan ya kau da kai ya ce ba ruwansa, haƙiƙa ya faɗi abin da bai inganta ba ta fuskar lugga, bai kuma inganta ba ta fuskar shari'a. Ruwansa ne. Ruwan maƙwabcinsa ne. Ruwan marayun da gonarsu take can wutsiyar magudana ne.

Tun shekarar 2014, da aka amince da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya ba da rancen kimanin dala miliyan 495 domin gyaran manyan filayen ban ruwa na Arewa, har da Bakolori da namu na ƙasan madatsar Goronyo, ginshiƙin da aka ɗora al'amarin a kansa shi ne manoma su haɗu su zama ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su riƙe ƙananan magudanu da hannunsu, su tara kuɗin ruwa, su raba ruwan bisa adalci. Niyya ce kyakkyawa, ba ni da ja a kanta ko kaɗan. Amma zaɓen shugaba da magatakarda da ma'aji abu ne na yini guda, zaman bita a ɗakin taro abu ne na kwana uku, alhali kuwa cire "ba ruwana" daga zuciyar mutum ɗari da suke shan ruwan magudana ɗaya aiki ne da ba a gama shi da tafi da ɗaukar hoto.

Ku dubi yadda ɓarnar take tafiya, daki-daki. Laka takan kwanta a magudana, ciyawa ta tsiro a kanta, gudun ruwa ya ragu. Wanda gonarsa take kusa da ƙofar ruwa ba ya jin kome a jikinsa, saboda haka idan aka kira yasa sai ya ce ba ruwansa. Na tsakiya, da ya ga ruwa ya yi ƙaranci, sai ya bi dare ya datse magudana da buhun ƙasa, ya juyar da ita gonarsa, in an ce masa akwai na baya, ya ce ba ruwansa. Na wutsiya kuwa, wanda ya yi reno ya yi dashe da bashi, yana kallon shinkafarsa tana naɗe ganye, sai ya sayar da akuya ya sayi man fetur ya tayar da inji, kuma ranar da ma'aji ya zo karɓar kuɗin ruwa, shi ma ya ce ba ruwansa, tunda bai ga ruwan ba. Kuɗi bai taru ba, ƙofar da ta yi tsatsa ba a gyara ba, shugaba ya ce aikin ma'aji ne, ma'aji ya ce aikin magatakarda ne, magatakarda ya ce shi rubutu kawai aka ce ya yi. Kowa a cikinsu yana da hujjarsa, kowace hujja kuwa, in ka kwance ta, kalmar nan ce a ciki: ba ruwana.

Malamanmu sun karantar da mu a zaure cewa farali iri biyu ne, akwai na aini, wanda yake kan wuyan kowane mutum shi kaɗai, akwai kuma na kifaya, wanda in wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura. To, abin takaici, mun riƙe rabin farko na hukuncin kifaya mun yi sakaci da rabin ƙarshe, watau cewa idan babu wanda ya tsaya da shi, laifin yana kan jama'a gaba ɗayansu. Yasar magudana, da toshe tsaga, da kai labari idan ƙofa ta lalace, duk a wannan babi suke. Malaman fiƙihu kuwa ba su bar mu cikin duhu ba, gama sun bayyana cewa idan shugaba ya ayyana wani mutum da sunansa ga wani aiki na kifaya, aikin ya koma aini a kansa, ba shi da sauran mafaka. A nan maganin yake, kuma shi nake roƙon kowace ƙungiya ta ɗauka: kada a sake tashi daga taro da cewa "za a yi", sai an ce wane zai yi, daga dutsen nan zuwa kwalbatin can, ranar kaza, kuma wane ne zai je ya gani ya dawo ya shaida wa jama'a. Aikin da ba shi da suna a kansa, "ba ruwana" ce take gadonsa.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a ce sai baƙo ya zo ya koya mana wannan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, kabarinsa yana Wurno, ribaɗi ya kafa a garin, ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa sai kowane mutum ya san ƙofarsa da darensa na tsaro, ya kuma tabbata cewa in ya yi barci ba shi kaɗai zai halaka ba. Hatta rabon ruwan ma, ba sabon babi ba ne a littattafanmu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin ruwan kwaruruka biyu na Madina, inda aka yi wa na sama iyaka da idon sawu, in ruwa ya kai nan ya sake shi ga na ƙasa. Malaman Malikiyya kuma suka yi bayanin raba ruwan tarayya da tukunya mai huda, a cika ta, in ta tsiyaye rabon wane ya ƙare, na wane ya shiga. Mutanen da ba su da agogo sun auna haƙƙin juna da tukunya, mu da kowa ke da waya a aljihu mun kasa rubuta jerin ranakun ban ruwa mu manna a ƙofar masallaci.

Ina kuma da ra'ayi wanda na san ba zai yi wa wasu daɗi ba: mai rabon ruwa a zaɓo shi daga cikin mutanen wutsiya, yasa kuma a fara ta daga wutsiya a hauro, domin wanda ruwa yake isa gare shi a ƙarshe shi kaɗai ne ba zai iya cewa ba ruwansa a kan kowane taku na magudanar ba. Mutumin Rabah ya fi kowa sanin wannan, gama tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 ambaliyar da takan shayar da fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, ya ɗanɗana zaman wutsiya shi da ƙasarsa duka. Madatsar Goronyo kuwa, da aka gina ta domin ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, mun ga shekarar 2010 da ruwa ya ci garuruwa da gonaki, mun kuma ga farkon 2018 da ya janye har ya rage kamar kashi 10 cikin 100, birnin Sakkwato da kansa ya shiga fargabar ƙishi. A waɗannan shekaru biyu babu na sama babu na ƙasa.

Akwai kuma wani mutum da kullum ake mantawa da shi idan an zauna shawara, ba zan iya wuce shi ba, shi ne makiyayi. Sau nawa aka gyara gaɓa da gumi, kwana kaɗan shanu suka tattake ta? Sai a yi ta zagi, a kai ƙara wurin hakimi, wani lokaci har a zubar da jini, amma ba a tambayi dalilin da ya sa garke ya hau gaɓa ba, alhali kowa ya san burtalin da kakanni suka bari an nome shi, mashayar da aka sani an kewaye ta da albasa da tafarnuwa. Saniya ba ta san dokar ƙungiya ba, ƙishi ta sani. Manomin da ya shuka a burtali ya ce ba ruwansa da inda shanu za su bi, makiyayin da ya kora su cikin dashe ya ce ba ruwansa da bashin da ke kan mai gona, kalma ɗaya ce a baki biyu. Ƙungiyar da ba ta ba Arɗo tabarma a taronta ba, ba ta kuma ware mashaya da hanyar zuwa gare ta ba, za ta yi ta gyaran gaɓa ɗaya kowace shekara har kuɗinta ya ƙare.

Saboda haka, ya ku shugabannin ƙungiyoyi, don Allah, kafin a saki ruwan rani mai zuwa, ku yi taronku a bakin magudana, inda ido zai ga tsaga da laka, ku kira na wutsiya ya fara magana, ku aika wa Arɗo da goron gayyata, ma'aji kuma ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, naira bayan naira, a gaban waɗanda suka biya.