Idan Taya Tana Gugar Bodi: Gyaran Akori-kurar da Ta Zauna

A ƙasar Amurka akwai samari da ke kashe kuɗi da yawa don su sauke motocinsu ƙasa, har cikin mota ya kusa taɓa kwalta, don ado kawai. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 ta hana sauke kowane sashe na mota ƙasa da bakin wili, ba a kuwa janye wannan doka ba sai a 2023. A Iku da sauran unguwannin Suleja mai akori-kura ba ya biyan ko kwabo don a sauke masa mota. Doyar Lambata, da buhunan kasuwar Dikko, da bulo da siminti da ake ta ɗiba tun da aka zaɓi wurin sabon babban birni a 1976, su ke sauke ta. Amma ciwon ɗaya ne can da nan: taya ta soma gugar rumfarta, watau ƙarfen bodin da ya lulluɓe ta daga sama.

Direbobi da yawa sukan ɗauki wannan ƙara abin wasa. To, gefen taya shi ne wurin da ya fi rauni a jikinta, ba ya kuma facuwa. Leɓen ƙarfe yana yankarsa kaɗan-kaɗan, zafi yana ƙaruwa, ran nan sai ta fashe a hanyar Minna da tan guda na kaya a baya, da 'yan kasuwa zaune bisa kayan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa wurin mai gyaran bodi ya ɗauki guduma. Guduma tana da ranarta, amma ita ce ta ƙarshe. Abu na fari a san inda gugar take, domin wurin shi ke faɗin dalilin. A shafa alli a cikin rumfar, a yi wa mota lodin da ta saba ɗauka, a zaga da ita kan gargada, sa'an nan a duba inda allin ya goge. Har ila yau a tsai da ita a wuri mai baje, a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi, dama da hagu.

In gugar a can saman rumfa take, sifirin ne ya gaji. Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda suka cika hanyoyin Arewa bayan an buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, da Hilux da ta gaje su, duka a kan sifirin mai falle-falle bayansu yake zaune. Sabonsa a lanƙwashe yake kamar baka. In ya miƙe ya zama shimfiɗe, ƙarfinsa ya ƙare. Makanikai sukan kwance shi su doke shi ya sake lanƙwasa, amma wannan ba ya daɗewa. Gasa shi da wuta kuwa ya fi muni, gama zafi yana kashe ƙarfen, ya bar shi ko dai da laushi ko da saurin karyewa. Magani shi ne sabon sifirin, a kuma canja dama da hagu tare. A nan ne ya kamata a duba wata 'yar roba da ke maƙale a shasi daidai saman aksul, wadda ke tare shi kafin taya ta kai bodi. Sau da yawa ta daɗe da faɗuwa ba wanda ya kula.

In gefe ɗaya ne kaɗai ke guga, ko taya ta matsa gaba ko baya a cikin rumfarta, a nemi falle da ya karye, ko kusar tsakiya da ke riƙe fallayen ta tsinke, aksul ya goce. Irin wannan mota takan yi tafiyar kaguwa. Na bayanta ya fi direbanta ganin haka.

In kuwa a leɓen waje ne, ko a gaba lokacin da aka karya sitiyari duka, to laifin taya ne ko wili. Mai mota yakan je sayen taya kwance, ya ɗauki wadda ya samu da araha ba tare da karanta rubutun jikinta ba. Lambar farko faɗin taya ce a milimita. Mai lamba 195R14C ta fi 185R14C faɗi da milimita 10, ta kuma fi ta tsayi da misalin milimita 16. Ga motar da ta riga ta zauna, wannan ɗan bambanci ya isa. Harafin C kuwa alama ce ta tayar ɗaukar kaya, ita ce ta dace da akori-kura. Wilin wata mota ma, ko da ramukan notinsa sun dace, yana iya turo taya waje.

Sai an gama da waɗannan duka sa'an nan mai gyaran bodi ya shigo. Aikinsa shi ne naɗe leɓen nan zuwa ciki a hankali, bayan ya ɗumama fenti don kada ya tsage, ya shafe wurin da maganin tsatsa. Yanke leɓen da wasu ke yi yana barin kaifi kamar wuƙa, yana kuma raunana bodin.

Akwai masu ƙara falle biyu ko uku don mota ta ɗaga ta ɗauki ninkin kayanta. Lalle za ta ɗaga, gugar kuma za ta daina. Sai dai birki da aksul da taya suna nan yadda masana'anta ta auna su, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna cin tarar lodin da ya wuce kima ko sifirin nawa ke ƙarƙashinsa.