Kafin a zargi NIGELEC, a duba wayoyin gida

Duk bazara kukan ɗaya ne daga Maradi har Damagaram: wuta ta dawo da ƙarfi, firji ko kwamfuta ta ƙone, sai a ɗora wa NIGELEC laifi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Siririyar wayar da aka ja don ƙwan fitila, ita ake ɗora wa firji da dutsen guga, har ta yi zafi ta narke. Idan na'urar katse wuta ta yi ta faɗuwa, gargaɗi take yi. Tilasta mata kiran gobara ne. Da an ɗauke wuta, a cire kwamfuta daga bango. Gyara kuma a kira ƙwararre, domin araha ba ta ado.